Kogin Derwent: Tafiya a Bakin Ruwan da Ya Juya Injin Kaɗi

Sharhinmu na yau zai kai mu tsakiyar ƙasar Ingila, yankin da ake kira Derbyshire, bakin wani kogi mai suna Derwent. Ba wani babban kogi ba ne. Wanda ya san Kwara ko Binuwai, idan ya gan shi zai iya cewa rafi ne. Amma duk wanda ya taɓa tashi da asuba don kada a rufe masa ƙofar kamfani, duk wanda ya taɓa aikin dare a gaban inji, to tsarin da ya yi aiki a ƙarƙashinsa yana da tushe a bakin wannan ruwa.

Mutanen yankin sun shata hanyar ƙafa mai tsawon mil 55, wato kusan kilomita 88, wadda take bin kogin tun daga madatsar ruwa ta Ladybower a arewa har zuwa inda yake faɗawa cikin kogin Trent a kudu. Ba mota ake shiga ba. Mutum ne da takalminsa da gorar ruwansa, yana bin alamomin da aka kakkafa, yau ya ci wani yanki, wani makon ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Abin da ya ja hankalina ga wannan hanya shi ne, ba a raba wa matafiyi kallo gida biyu ba, a ce ga wurin tsuntsaye da itatuwa can, ga wurin tsoffin injuna nan. Tafiya ɗaya ce, labari ɗaya ne, domin ruwan da kifi yake iyo a ciki shi ne ruwan da ya juya injin.

Farkon hanyar ma darasi ne. Tafkin Ladybower da ake zuwa ɗaukar hoto a bakinsa ba halittar Allah ba ce kai tsaye, aikin hannu ne. An gina madatsar tsakanin 1935 da 1943 domin a shayar da biranen Derby da Nottingham da Leicester da Sheffield, kuma ƙauyuka biyu, Ashopton da Derwent, suna kwance a ƙarƙashin ruwan. An tashi mutanensu, an rushe gidajensu. A shekarun da fari ya yi tsanani, kamar 1976 da 2018, ruwa yakan ja baya har kufan su fito fili, jama'a su yi ta zuwa kallo. Daga nan hanya ta gangara ta Hathersage, inda har yau ake ganin manyan duwatsun niƙa da aka sassaƙa aka bari a gindin tsaunuka, ciyawa ta rufe rabinsu, saboda kasuwarsu ta mutu kafin a kwashe su. Sai a ratsa filin gidan sarautar Chatsworth da barewarsa da tumakinsa. Wannan wuri ne mai kyau, kuma masu yawon buɗe ido sun fi saninsa, amma ba shi ya kawo mu ba. Mu wuce.

Inda labarin ya yi nauyi shi ne daga garin Matlock Bath zuwa birnin Derby, tazarar kilomita 24. Wannan yanki ne hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2001. Ba fada aka karrama ba, ba ganuwa ba, ba kabarin wani sarki ba. Masana'antun zare aka karrama, da gidajen leburorin da suka yi aiki a cikinsu.

A ƙauyen Cromford abin ya soma. A shekarar 1771 wani mutum mai suna Richard Arkwright ya zo nan ya gina masana'antar kaɗa auduga wadda ruwa ke juya injinanta. Arkwright ba ɗan sarauta ba ne, ba kuma mai zurfin karatu ba. An haife shi a Preston a 1732, sana'arsa ta farko wanzanci ce da haɗa gashin kanti. A 1769 ya sami takardar mallakar wani injin kaɗi, ya fara gwada shi a Nottingham da ƙarfin dawaki, ya ga dawaki ba za su kai shi inda yake so ba, sai ya nemi ruwa. Da kuɗin abokan cinikinsa biyu, Jedediah Strutt da Samuel Need, aka tayar da ginin farko mai hawa biyar.

Don mu fahimci abin da injin ya yi, mu tuna yadda iyayenmu mata suke kaɗi. An gurje auduga an fitar da angurya, an shiɓe ta ta yi laushi. Mace ta riƙe audugar a hannun hagu, ta murza mazari da dama, tana dangwala yatsu a alli don kada su yi santsi. Aiki biyu take yi a lokaci guda: tana jan audugar tana sirantar da ita, mazari kuma yana murɗe ta ta zama zare. Gwanintar duk tana cikin yatsu, su suke sanin inda za a ja da inda za a sassauta. To wannan aikin yatsun ne injin Arkwright ya karɓe. Audugar tana bi ta tsakanin 'yan sandunan ƙarfe masu mulmulawa, an jera su bibbiyu, na sama an naɗe su da fata an danne su da nauyi, na ƙasa kuma masu zane-zane don su kama. Biyun farko suna juyawa a hankali, na gaba sun fi su sauri, na gabansu sun fi sauri kuma. Saboda wannan bambancin gudu, audugar tana miƙewa tana sirancewa da kanta, sannan mazarin ƙarfe da ke ƙasa ya murɗe ta ya naɗe. Injin farko zare huɗu yake kaɗawa a lokaci guda. Ba a daɗe ba aka ƙera masu kaɗa zare 96. Kuma zaren ya fito da ƙarfin da za a iya yin waɗari da shi, abin da masaƙan Ingila suka daɗe suna nema, domin kafin nan sai sun haɗa da zaren wata ciyawa kafin tufafin audugarsu ya tsaya.

Ba Arkwright kaɗai ya ƙirƙiri wannan dabara ba. Wani mai gyaran agogo, John Kay, ya yi aiki tare da shi, wasu kuma sun yi da'awar cewa tunaninsu ya ɗauka, har kotu ta soke takardun mallakarsa a 1785. Abin da ba a jayayya a kai shi ne tsarin da ya kafa. Ya tara injuna da mutane ɗaruruwa a rufi ɗaya, ya sa agogo ya zama mai gida. Ana aiki dare da rana, kashi biyu, kowane kashi awa 12 ko fiye. Ana kaɗa ƙararrawa, ƙarfe shida na safe da shida na yamma a rufe ƙofa. Wanda ya makara ya yi asarar kuɗin ranar, a kuma ci shi tarar na wata rana.

Su wane ne waɗannan ma'aikata? Galibinsu mata ne da yara. Akwai yara 'yan shekara bakwai a cikinsu. Arkwright yakan yi cigiyar iyalai masu 'ya'ya da yawa su zo su zauna a Cromford, saboda inji ba ya bukatar ƙarfin ƙato, yana bukatar ƙananan yatsu da ido mai lura da zaren da ya tsinke. Ku yi tunanin yaron da ya kamata a ce yana makaranta, yana tsaye tun magariba har wayewar gari, ƙurar auduga tana shiga ƙirjinsa, ƙarar injuna ba ta barin ya ji maganar na kusa da shi. Idan ana yabon wannan wuri a matsayin mahaifar masana'antar zamani, ni ina ganin wajibi ne a ambaci wannan yaron a numfashi ɗaya da sunan Arkwright. Arkwright ya rasu a 1792 yana ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar, da lambar girma ta sarauta a wuyansa. Yaron kuwa ko sunansa ba a cika samu ba sai a littafin biyan albashi.

Matafiyin da ya ɗan bar bakin kogi ya shiga ƙauyen zai ga wani layi da ake kira North Street, wanda aka gina a 1776. Gidajen dutse ne a jere, hawa uku-uku, har yau mutane na zaune a ciki. Idan ka ɗaga kai za ka ga tagogin saman bene sun fi na ƙasa faɗi. Dalili shi ne a can sama magidanta suke saƙa, suna bukatar haske, yayin da matansu da 'ya'yansu suke can gaban inji. Arkwright ya gina kasuwa, ya gina masauki, domin wuri ne da babu jama'a da yawa, dole ya jawo su ya kuma riƙe su. Sannan idan ka dawo ka dubi katangar masana'antar ta ɓangaren titi, za ka lura ƙasanta kusan babu taga. Wannan ba ado ba ne, tsoro ne. A 1779 masu kaɗin hannu da suka ga abincinsu zai ƙare sun far wa wata masana'antarsa a Lancashire sun ƙone ta. Ginin da kansa yana ba da shaidar cewa ba kowa ne ya yi maraba da wannan ci gaba ba.

Akwai wani abu game da ruwan Cromford da yake nuna yadda sana'a ɗaya take hawa kan wata. Masana'antar farko ba da kogin Derwent kansa ta yi aiki ba. Da wani ƙaramin rafi ta yi, da kuma ruwan da ke fitowa daga ramin da masu haƙar dalma suka yi don tsane ma'adinansu. Mutanen yankin sun yi ɗaruruwan shekaru suna haƙar dalma, ruwan da ya dame su a ƙarƙashin ƙasa shi ya zama arzikin mai kaɗi a sama. Da masu haƙar suka buɗe wani ramin da ya fi zurfi, sai ruwan ya canza hanya. Aka yi shari'a, iyalan Arkwright suka sha kaye, zuwa shekarun 1840 aikin zare a wurin ya durƙushe. Ruwa ya kawo masana'antar, ruwa ya tafi da ita.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da nake so hukumominmu su saurara da kyau. Ginin ya shiga hannu daban-daban. An yi wanki a ciki, an dafa giya, gobara ta ci wani sashe. Daga shekarun 1920 har zuwa 1979 kamfanin haɗa launin fenti ne a wurin, kuma ya bar ƙasa da bango cike da guba mai dalma. Mutane da yawa sun ɗauka babu abin da ya rage sai rushewa. Wata ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna Arkwright Society ce ta saye wurin a 1979, ta yi shekaru tana neman tallafi, tana kwashe gurɓatacciyar ƙasa, tana rushe rumfunan da aka jingina daga baya har tsohon ginin ya sake bayyana. Ba gwamnati ce ta fara ba. Mutanen gari ne da suka ƙi yarda a shafe abin da kakanninsu suka yi wa wahala. Yau akwai shaguna da ofisoshi da ɗakin baje tarihi a harabar, yaran makaranta suna zuwa ana nuna musu yadda zare yake fita daga auduga.

Daga ƙofar masana'antar hanya take komawa bakin wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, aka gama a 1794, don jiragen dakon kaya su kawo gawayin kwal su fita da dutse da zare. Dawaki ne suke jan jiragen daga gefe, kuma turbar dawakin ita ce matafiya suke bi yanzu. Jirgin ƙasa ya zo ya kashe mata kasuwa, wani rami da take bi ta ciki ya rufta a 1900, a 1944 aka yi watsi da ita. To a nan ne abin sha'awa yake. Da jirage suka daina wucewa, ruwan ya kwanta, ciyayi suka tsiro, sai halittu suka tare. Akwai wani ɓeran ruwa mai gajeren hanci wanda ya yi ƙaranci ƙwarai a sassa da yawa na Ingila, amma a nan yana da gida. Wanda ya tsaya shiru a bakin ruwan zai iya ganinsa zaune a kan tushen ciyawa, ya riƙe kara da hannuwansa biyu yana gaigaya, da ya ji motsi sai ya faɗa ruwa tsulum, ya ɓace. Akwai 'yan ƙananan tsuntsayen ruwa masu nutsewa su ɗauki lokaci kafin su ɓullo a wani wuri, akwai zalɓe, akwai macizai marasa dafi da ke iyo a saman ruwa da rani. Yanzu doka ta kare wani sashe na wannan hanyar ruwa saboda halittun da ke cikinta. Abin da aka haƙa don kwal ya zama mafakar dabbobi.

A bakin wannan ruwa kuma akwai wani gini mai dogon bututun hayaƙi, gidan famfo na Leawood, wanda aka gina a 1849. A cikinsa akwai injin tururi da ke ɗebo ruwa daga kogin Derwent ya zuba a hanyar jiragen, kusan tan huɗu a kowane bugu ɗaya. Injin yana nan da ransa. 'Yan sa-kai ne suke kula da shi, a wasu ranaku na shekara su hura wuta su tayar da shi jama'a su gani. Kuma kada a ɗauka komai a kwarin nan ya zama kayan kallo: can kusa, a Lea, akwai kamfanin saƙa na John Smedley da aka kafa tun 1784, har gobe yana fitar da riguna. Masana'antar Masson da Arkwright ya gina a kan kogin a 1783 ta yi aiki har 1991, kuma ruwan da ya juya injinan kaɗinta yanzu wutar lantarki yake bayarwa.

Garin Belper shi ne zango na gaba, garin iyalan Strutt. Babbar barazanar masana'antar auduga ita ce gobara: ƙurar auduga, man inji, fitilar aci-bal-bal ta aikin dare, da daɓen katako. A 1803 wuta ta cinye ɗaya daga cikin masana'antun iyalan Strutt. William Strutt ya sake gina ta a 1804 da ginshiƙan ƙarfe da rufin bulo maimakon katako, kuma masana gine-gine suna lissafa wannan gini cikin kakannin dogayen benaye masu ƙashin ƙarfe da ake gani a biranen duniya. A Belper ɗin nan aka haifi Samuel Slater, wanda ya koyi aiki a wurin Strutt. A lokacin doka ta hana fitar da injuna ko zanensu daga Ingila, ta hana ƙwararrun ma'aikata ƙaura. Slater ya haddace injin a ka, ya sulale zuwa Amurka a 1789, ya kafa masana'antar kaɗi a Pawtucket. Amurkawa suna kiransa uban masana'antunsu, mutanen Belper kuwa maci amana suka kira shi. A Jamus ma wani attajiri ya kwaikwayi tsarin a garin Ratingen, har ya sa wa masana'antarsa suna Cromford.

A gefen tsohon ginin akwai wani jan bene ƙato da aka gina a 1912. Aikin zare ya tsaya a Belper a shekarun 1980, kuma galibin benen babu kowa a ciki, yana lalacewa, ana ta muhawara a kan abin da za a yi da shi. Na faɗi haka ne don kada a zaci su can sun gama warware komai. Riƙe tsohon gini yana cin kuɗi, kuma ko a Ingila ba kullum ake samun mai biya ba. Amma a can ƙololuwar benen wani irin shaho mai tsananin gudu ya yi sheƙa, yana ƙyanƙyasa, mutane suna zuwa da madubin hangen nesa suna kallonsa yana farautar tattabaru a saman kogi.

A ƙasan benen akwai shingen dutse mai siffar kofaton doki da aka gina a cikin kogin a ƙarshen ƙarni na 18 don a tara ruwa a karkatar da shi zuwa injuna. Irin waɗannan shingaye suna da yawa a Derwent, kuma a kansu ne masu son tarihi da masu son halittu suka fi samun saɓani. Kifin salmon a teku yake girma, amma sai ya hauro kogi zuwa inda aka ƙyanƙyashe shi kafin ya yi ƙwai. Shingayen sun tare masa hanya, dattin masana'antu da na birane ya ƙarasa sauran, har ya ɓace daga kogin tsawon zamani. Mai kifi yana cewa a fasa shingen. Mai tarihi yana cewa shingen nan shi ne zuciyar labarin, in ka fasa shi me za ka nuna wa jikoki? Abin da aka yi a wurare da dama shi ne a bar shingen, a gina wa kifi matakala a gefe, ruwa yana gangarowa daki-daki yadda zai iya haurawa. Da aka haɗa wannan da dokokin hana zuba datti, sai aka soma ganin salmon ya dawo, karen ruwa ma ya dawo. A ganina wannan sulhu ya fi kowane gini da ke kan hanyar daraja. Kogin bai warke da kansa ba. Doka aka yi, aka bi ta, aka kashe kuɗi, aka yi haƙuri na shekaru.

Sauran hanyar ba za mu daɗe a kanta ba. Ta bi ta Milford da Darley Abbey ta shiga Derby, inda masana'antar siliki ta 'yan gidan Lombe ta tsaya tun wajen 1721, shekara hamsin kafin Cromford. A 2021 aka sake buɗe ta a matsayin gidan tarihin ƙere-ƙere, a watan Oktoba na 2023 kuma kogin ya yi ambaliya ya shiga cikinta har aka rufe ta na 'yan watanni. Daga nan sai tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Shardlow, sai mahaɗar Trent.

Amma akwai tambayar da duk Bahaushen da ya san gona zai yi: Ingila ba ta noma auduga, sanyi ba zai bari ba, to daga ina audugar take zuwa? Daga tsibiran Karibiyan take zuwa, da Brazil, daga baya kuma kudancin Amurka. Bayi ne suke noma ta, 'yan Afirka da aka kwasa aka ƙetare teku da su, kuma tarihi ya tabbatar akwai Hausawa cikin waɗanda aka kai Brazil. An daɗe ana ba da labarin kwarin Derwent ba tare da an ambaci wannan ba, ana farawa daga lokacin da dilar auduga ta iso ƙofar masana'anta. A 'yan shekarun nan masu bincike sun bi takardun cinikin iyalan Strutt sun nuna inda audugar ta fito, an kuma fara faɗa wa baƙi. An makara, amma gara da aka faɗa.

Zaren bai tsaya nan ba, ya zo har gidanmu. Lokacin da matafiyin nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da birnin da ke tufatar da ƙasashe, saƙinsa da rininsa suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Zare da yadin inji masu araha da suka biyo bayan abin da aka fara a Cromford suna cikin abubuwan da suka rage wa mazari da masaƙar hannu kasuwa. A 1902 masu masaƙun Lancashire suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, suka zuba ido a kan ƙasar Hausa, aka kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau. Sai a 1957 muka sami tamu babbar masaƙar zamani, Kaduna Textiles, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta kafa tare da wani kamfanin Ingila, David Whitehead and Sons. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Unguwannin Kakuri da Makera na Kaduna suka cika da dubban ma'aikata daga kowane lungu na Najeriya, jiniya tana tashi, kekuna suna kwarara, masu abinci suna jiran fitowar masu aikin dare. A nan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta yi ƙarfi, a nan Adams Oshiomhole ya fara harkar ƙungiyar ma'aikata. Kuma ruwan rini da na wankin yadi ya bi magudanai ya shiga kogin Kaduna, masunta da masu lambun bakin kogi sun san wannan sarai. A 2002 Kaduna Textiles ta rufe, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, tsoffin ma'aikata da yawa suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba.

Na san abin da mai sauraro a Kakuri zai ce: Malam, mu aiki muke so, ba gidan kallo ba. Gaskiyarsa ne, kuma babu wanda ya isa ya ce masa tarihi zai maye gurbin albashi. A biya mutane haƙƙinsu, a farfaɗo da abin da zai farfaɗu. Amma ana cikin jiran wannan, rufi yana zuba, injuna suna tsatsa, kuma abin da aka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo ba ya dawowa. Kaduna tana da kogi, tana da gadar jirgin ƙasa, tana da gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a lambun Gamji, tana da masaƙun da suka tufatar da Arewa. Tsuntsaye da kifaye da itatuwan bakin kogin ma suna nan, duk da abin da aka yi musu.

Don haka kirana ga gwamnatin Jihar Kaduna, da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, da gwamnonin Arewa da ke da hannun jari a tsohuwar masaƙar: a keɓe ko da zaure ɗaya da injinansa, daga na gurza har na saƙa, a hana taɓa shi. A shata hanyar ƙafa a bakin kogin, a hana zuba shara da dattin kamfanoni a ciki. Ku kuma malaman tarihi na jami'o'inmu da ɗalibanku, da 'yan'uwana ma'aikatan rediyo, ku ɗauki na'urar naɗar murya ku shiga Kakuri da Makera da Nasarawa. Dattawan da suka tsaya a gaban waɗannan injuna suna nan da ransu, sun san sunan kowane sashe da ƙarar kowane inji, kuma kullum raguwa suke yi. A je a same su a bana.